Cokali, kofi ko sikeli? Tambayoyi da amsoshi kan awon 'ya'yan fofi a girki

'Ya'yan fofi su ne mitsi-mitsin ƙwayoyin nan masu launin toka da sirkin shuɗi da ake barbaɗawa a saman burodi, ake kuma zubawa a kek mai lemun tsami. A jikin fakiti za a ga an rubuta poppy seeds, Larabawa na ce musu khashkhash, a Indiya kuma khus-khus. Inda ake samun ruɗani shi ne wajen awo. Girkin da ya fito daga Amurka zai ce kofi kaza da cokali kaza, na Turai kuma zai ce giram kaza, mai girki ya tsaya a tsakiya yana tunanin wanne zai bi. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan.

Giram nawa ne a cokali ɗaya?

Cokalin shayi, wato mililita 5, yana ɗaukar giram 2.8, sai a ce giram 3 don sauƙi. Babban cokali, mai mililita 15, yana ɗaukar giram 8.8, sai a ce 9. Waɗannan su ne alƙaluman da ke cikin bayanan abinci na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, kuma kamfanin fulawa na King Arthur ya zo daidai da su, domin a jadawalinsa babban cokali 2 giram 18 ne.

Amma fa da sharaɗi: busassun 'ya'ya ne, ba a niƙa su ba, kuma an shafe bakin cokalin bai yi tozo ba.

To kofi fa?

Kofin Amurka babban cokali 16 ne, don haka yana ɗaukar wajen giram 140 zuwa 145. Sauran kason kuwa kamar haka ne:

Kwatan kofi: giram 35
Sulusin kofi: giram 47
Rabin kofi: giram 70
Kwata uku: giram 105

Wanda ba ya son haddace lambobi da yawa, ya riƙe guda ɗaya tak, wato 0.6. Duk mililitan da aka ba ku, ku ninka da 0.6, abin da ya fito shi ne giram. Mililita 100 giram 60 ke nan, mililita 500 giram 300.

Na duba shafuka uku, kowanne da lambarsa: ɗaya ya ce 134, ɗaya 141, ɗaya 144. Wa ke da gaskiya?

Dukkansu, kuma babu wanda ya ƙirƙiri lambarsa daga sama. Yawancin masu jadawalin nan ba kofi suke cikawa su ɗora a sikeli ba, lissafi suke yi daga cokali. Kofi ɗaya cokalin shayi 48 ne. Wanda ya ɗauki 2.8 ya ninka sau 48 zai samu 134. Wanda ya fara daga babban cokali, ya ninka 8.8 sau 16, zai samu 141. Wanda ya fara cike 8.8 zuwa 9 kafin ya ninka zai samu 144. Ɗan guntun da aka ƙara ko aka yar tun a matakin cokali shi ne yake girma idan aka ninka shi sau da yawa.

Tsakanin 134 da 144 bambancin giram 10 ne, ɗan fiye da babban cokali ɗaya a cikin kofi guda. Babu harshen da zai gane wannan a kek. Su ma 'ya'yan ba duka ɗaya ba ne, na wata gona sun fi na wata girma ko bushewa. Ni dai 140 nake ba da shawarar a riƙe, saboda tana tsakiya kuma tana rabuwa cikin sauƙi: rabinta 70, kwatanta 35.

Me ya sa kofin ruwa ya kai giram 237, amma na fofi 140 kacal? Ba kofi ɗaya ba ne?

Kofi wuri yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Ruwa yana cike kowane lungu na kofin, ba ya barin gurbi. 'Ya'yan fofi kuwa, idan aka duba guda ɗaya da gilashin ƙara girma, siffar ƙoda gare ta, jikinta da 'yan ramuka-ramuka, tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Irin wannan ƙwaya ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta tsaf. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan fili, kuma idan aka tara filayen nan, kusan kashi 40 cikin 100 na kofin iska ce. Ƙari a kan haka, kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, shi kuwa mai bai kai ruwa nauyi ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a aron lambar wani kayan a ba wani. Kofin fulawa wajen giram 120 ne zuwa 125, na sukari giram 200, na zuma wajen 340. Wanda ya saba da cewa kofi giram 200 ne saboda ya ga haka a sukari, zai zuba fofi fiye da kima da kusan giram 60.

Ƙanƙantarsu ta wuce yadda ake zato. Ana ƙiyasta ƙwaya wajen 3,300 a giram ɗaya, ma'ana cokalin shayi guda yana ɗauke da sama da 9,000.

Kofin wace ƙasa ake nufi idan girki ya ce kofi?

Nan ne aka fi yin kuskure, fiye ma da batun 134 da 144. Kofin Amurka mililita 237 ne, a kan cike shi zuwa 240. Kofin da ake amfani da shi a Ostireliya da Niyu Zilan mililita 250 ne, wanda ke ɗaukar fofi giram 150. Tsohon kofin Ingila, da ake gani a tsofaffin littattafan girki, mililita 284 ne, giram 170 ke nan. Daga 140 zuwa 170 ba ƙaramin tsalle ba ne, musamman idan girkin ya nemi kofi biyu ko uku.

Cokali ma yana da nasa tarkon. Kusan ko'ina babban cokali mililita 15 ne, amma a Ostireliya 20 ne. Don haka babban cokalinsu na fofi giram 12 ne, ba 9 ba. Cokalin shayi ne kaɗai kusan kowa ya yarda a kan 5.

Kafin a fara lissafi, a duba daga ina girkin ya fito. Idan zafin oben an rubuta shi da ma'aunin Faranhait, kamar 350, galibi na Amurka ne. Idan an rubuta shi da Salshiyos, kamar 180, sannan ga kofi a ciki, akwai yiwuwar na 250 ake nufi.

Girkin ya ce giram 100 ko 250, ni kuma ba ni da sikeli. Yaya zan yi?

Sai a juya lissafin. A raba giram da 0.6 a samu mililita, ko a raba da 9 a samu yawan babban cokali.

Giram 50 ya kusa babban cokali 6, a ɗan rage kaɗan. Giram 100 babban cokali 11 ne da ɗan ɗori, wato wajen mililita 170, ya ɗan haura sulusi biyu na kofin Amurka amma bai kai kwata uku ba. Giram 250 kofi ɗaya ne da kwata uku. Giram 500 kofi uku da rabi.

Idan abin ya wuce giram 50, kada a tsaya ƙirga cokali ɗaya-ɗaya. A cokali na bakwai ko na takwas ne wani zai yi magana, ƙirga ta ɓace, kuma kowane cokali yana zuwa da ɗan kuskurensa. Gara a yi amfani da jug mai layukan mililita.

Kofin da nake da shi na shan shayi ne, ba na awo ba. Zai yi?

Zai yi idan aka san cikinsa. Kofunan shan shayi ba su da ƙa'ida, wani 200 ne, wani ya haura 300. Hanya mafi sauƙi ta sanin naku ita ce a cika shi da ruwa har baki, a juye ruwan a jug mai layi, ko a wani abu da aka san girmansa, kamar kwalbar da aka rubuta mililitanta a jiki. Idan an samu aron sikeli sau ɗaya ma ya wadatar, domin mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne: kofin da ruwansa ya auna giram 300, mililita 300 ne, kuma zai ɗauki fofi giram 180. A rubuta lambar a liƙa a cikin ƙofar kabad.

Haka cokulan cin abinci. Wasu ba su wuce mililita 10 ba, ga faɗi babu zurfi, sun fi saurin yin tozo.

Yaya ake cika cokalin awo daidai?

A nutsa shi cikin 'ya'yan, a ɗago, a bi bakinsa da bayan wuƙa a shafe. Kada a danna, kada a bubbuga gindin kofin a kan tebur. Bubbugawa tana sa ƙwayoyin su zauna, saman ya sauka, sai a ga kamar bai cika ba a ƙara.

A wannan fannin fofi ya fi fulawa sauƙin kai nesa ba kusa ba. Fulawa tana danƙarewa, mutum biyu su auna kofi ɗaya a samu bambancin giram 30. Fofi yana gangarowa ne yana zama da kansa, ba ya riƙe tozo mai tsayi, shi ya sa awonsa da cokali ke da aminci. Wahalarsa ɗaya ce, tsalle. A yi awon a saman faranti mai faɗi ko tire, in ba haka ba a wuni ana tsintarsu a ƙasan kicin.

Idan niƙaƙƙe ne fa? Lissafin bai canza ba?

Ya canza sosai, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk shafin nan.

Niƙa ba ya ƙara nauyi, ba ya ragewa. Giram 100 kafin niƙa giram 100 ne bayansa. Abin da ke canzawa shi ne wurin da zai ci. Da an fasa ƙwayar, man ciki yana fitowa, garin ya zama mai ɗan damshi, yana manne wa juna, yana yin 'yan curi-curi da iska a tsakaninsu. Idan aka ɗebo shi a sake daga injin niƙa, zai cika kofi da nauyin da bai kai na ɗanyen ba. Idan kuma aka danna shi da bayan cokali, sai ya danƙare, kofin ya yi nauyi. Hannu biyu za su iya auna niƙa ɗaya su samu amsa biyu masu nisa da juna. Shi ya sa 0.6 ba ta aiki a nan, kuma duk wata lamba ɗaya da aka ba ku ta kofin niƙaƙƙen fofi, ku karɓe ta da taka-tsantsan.

Mafita ita ce a auna kafin a niƙa. Idan girki ya ce giram 200 na niƙaƙƙe, a auna giram 200 na ƙwaya, ko kofi ɗaya da ɗan ƙasa da rabi, sannan a niƙa. A ƙara ɗan cokali guda saboda wanda zai maƙale a jikin injin.

A kuma lura da yadda aka jera kalmomin girkin. "Kofi ɗaya na fofi, a niƙa" na nufin a auna sannan a niƙa. "Kofi ɗaya na niƙaƙƙen fofi" na nufin a niƙa sannan a auna. Na biyun ya fi wuyar bi. Idan aka ci karo da shi, a zuba garin cikin kofi da cokali a hankali ba tare da dannawa ba, a shafe baki, sannan a lura da kaurin haɗin yayin dahuwa a gyara da madara.

Me ya sa ake niƙa shi tun farko?

Ɓawon yana da tauri. Ƙwayar da ba a fasa ba tana ba da ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori da kyan gani, amma ɗanɗanonta na kulle a ciki. Don barbaɗe a saman burodi wannan ya isa. Amma a Turai ta Tsakiya da ta Gabas fofi shi ne cikin abincin kansa. Makowiec na ƙasar Folan, bejgli na Hangari da mohnstrudel na Ostiriya duk naɗaɗɗen ƙulli ne da aka shafe cikinsa da baƙin haɗi mai kauri na niƙaƙƙen fofi da aka dafa da madara da sukari ko zuma. A can akwai injin hannu na musamman da ke murƙushe ƙwayar maimakon sara ta. Blanda ta gama-gari sau da yawa juya su kawai take yi, su fito yadda suka shiga. Ƙaramin injin niƙa gahawa ko turmi ya fi ta, musamman idan an fara jiƙa 'ya'yan a ruwan zafi.

Na jiƙa su kafin in tuna ban auna ba. Zan iya auna su a jiƙe?

Awon ba zai faɗi gaskiya ba. Sun sha ruwa, sun ɗan kumbura, ga kuma ruwan da ke maƙale a tsakaninsu ko bayan an tace. Duk giram ɗin da girki ya ambata na busasshe ne, sai in ya faɗi akasin haka. Idan daga sabon fakiti aka ɗiba, a auna abin da ya rage a cire daga nauyin da ke rubuce a jiki, a nan za a gane nawa aka jiƙa.

Soyawa sama-sama a busasshen kasko kuwa ba ta rage wani nauyin a zo a gani, ba sai an sake awo ba.

Yaushe ne sikeli ya zama dole, yaushe cokali ya isa?

Akwai masu cewa komai a ɗora a sikeli. Ban yarda da wannan ba a kan fofi. Yawancin sikelin kicin giram ɗaya-ɗaya yake ƙirgawa. Idan ana son giram 3, ya nuna 2 ko 4, kuskuren ya kai sulusi. Wasu ma ba sa motsi sai an zuba giram biyu ko uku. A irin wannan ƙaramin awo cokalin shayi ya fi sikelin faɗin gaskiya. Kek mai lemun tsami da ke neman babban cokali biyu ko uku ba zai lalace ba don an ƙara rabin cokali, domin a can fofi ado ne da ɗan armashi, ba shi ke riƙe ƙullin ba.

Daga rabin kofi zuwa sama ne labari ke canzawa. A haɗin ciki irin na makowiec, inda ba abin mamaki ba ne a nemi giram 250 ko 500, fofi ne ke shanye madarar. Idan ya yi kaɗan haɗin zai yi ruwa, ya jiƙa ƙullin, ya tsattsago ta gefe a oben. Idan ya yi yawa zai bushe, a yanka ya riƙa zubewa, ɗacinsa ya rinjayi zaƙin. A nan sikeli ya cancanci a ɗauko shi. A ɗora kwano, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan a zuba.

Mai son sanin ainihin abin da cokalinsa ke ɗauka, ya auna cokali 10 a kwano ɗaya ya raba da 10.

Girkin ya ce oza 8. Kofi ɗaya ke nan?

A'a, kuma wannan kuskuren yana da tsada. Oza iri biyu ce. Akwai ta nauyi, giram 28.35, akwai ta ruwa, wajen mililita 29.6 a Amurka. Layin da ke jikin jug mai nuna 8 na ozar ruwa ne, kofi ɗaya, wanda fofinsa giram 140 ne. Amma idan aka ce oza 8 ta busasshen abu, nauyi ake nufi, giram 227, wato kofi ɗaya da rabi da ɗan ƙari. Wanda ya bi layin jug ya rage kusan giram 87.

Oza ɗaya ta fofi babban cokali 3 ne da ɗan ɗori. Laba ɗaya, giram 454, kofi uku ne da kwata.

Fari da shuɗi nauyinsu ɗaya?

A aikin kicin lissafi ɗaya ake musu. Duk daga shuka ɗaya suke, mai suna Papaver somniferum a kimiyyance. Shuɗin shi ne na Turai, ƙasar Cek na cikin manyan masu nomansa, Turkiyya kuma na noma launuka daban-daban. Farin ya fi yawa a Indiya, inda ake markaɗa shi don kaurara miya. A yankin Bengal ana dafa shi da dankalin Turawa, abincin da suke kira aloo posto.

Zan iya sa riɗi ko habbatus-sauda a madadinsa?

Riɗi ya dace a barbaɗe, kuma an yi sa'a nauyinsu kusan ɗaya ne, babban cokalin riɗi ma giram 9 ne, don haka cokali da cokali ake musanyawa. Habbatus-sauda kuwa wani tsiro ne daban, ƙwayarta ta fi girma, ɗanɗanonta mai ƙarfi ne da ɗan yaji. A haɗin ciki babu ɗayansu da zai maye gurbin fofi.

Haɗin fofi na gwangwani da ake sayarwa a shirye ma ba madadin ƙwaya ba ne giram da giram, domin akwai sukari da ruwa da yawa a cikinsa.

Kalori nawa ne a cokali?

Giram 100 na da kalori wajen 525, babban cokali ke nan wajen 46. Yana da sinadarin kalsiyam mai yawa, wajen miligiram 1,440 a giram 100.

Idan ya daɗe a ajiye nauyinsa na canzawa?

Ba sosai ba, sai dai in ya sha danshi ya dunƙule. Ɗanɗano ne ke tafiya. Saboda yawan mai, fofi yana saurin lalacewa a wuri mai zafi, ya koma ɗaci da maƙaƙi, yana wari irin na tsohon mai. Kafin a auna giram 250 a zuba wa madara, a tauna 'yan ƙwayoyi a ji. A ajiye shi a kwalba mai murfi cikin firji ko firiza. Niƙaƙƙe ya fi saurin lalacewa, a niƙa daidai wanda za a yi amfani da shi.

Gaskiya ne yana iya fitowa a gwajin miyagun ƙwayoyi? Akwai adadin da ya kamata a tsaya a kai?

Gaskiya ne. Daga ƙaron wannan shuka ake samun mofin da kodin. Ƙwayar kanta kusan ba ta ɗauke da su, amma lokacin girbi ƙaron yana iya shafar bayanta. Wankewa, jiƙawa, niƙa da gashi duk suna rage shi ƙwarai, amma abin da ya saura yana iya bayyana a gwajin fitsari. A watan Fabrairun 2023 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta gargaɗi sojojinta su guji abinci mai fofi saboda wannan dalili.

Ba a iya cewa giram kaza ne iyaka, domin yawan sinadarin ya danganta da irin shukar da yadda aka girbe aka wanke, ba da cokali kaɗai ba. Tarayyar Turai ta sa iyakarta ne a kan kayan da ake sayarwa: daga Yulin 2022, miligiram 20 na waɗannan sinadarai a kowane kilo na ƙwayar da za a sayar wa mai girki, da miligiram 1.5 a kilo na burodi da makamantansa. Mai gwaji a gabansa ya haƙura da fofi na 'yan kwanaki. A guji wanda aka rubuta ba a wanke ba, kuma kada a sha ruwan da aka jiƙa irinsa a ciki, an samu waɗanda suka mutu ta wannan hanya.

Matafiya kuma su sani cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Saudiyya da Singafo sun hana shiga da shi, ko da ɗan ƙulli ne na girki a cikin jaka.